Zanen Aro da Kundin Digiri: Ƙirƙirarriyar Basira Tsakanin Ɗalibai da Malamai a Wagadugu

Ɗalibin da ya taso daga unguwar Larle da safe ya nufi Zogona, inda Jami'ar Joseph Ki-Zerbo take, yakan ratsa tsakiyar birnin Wagadugu a kan babur ko keke, ya kuma ratsa harsuna uku kafin ya zauna a aji. In ɗan gidan Hausawa ne, da Hausa ya gaida iyayensa, da harshen Moore ya yi ciniki da mai sayar da mai a bakin hanya, sannan da Faransanci zai saurari lacca, ya rubuta jarrabawa, ya kare kundinsa ranar da aka kira shi gaban malamai. A cikin harsunan nan uku, wanda ake auna iliminsa da shi shi ne wanda ya fi nisa da bakinsa.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne da wayar da ke aljihunsa ta zama abokiyar shawararsa tun bayan da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT ranar 30 ga Nuwamba, 2022. Yau ɗalibi na iya rubuta tambaya da gurguwar Faransanci, kafin shayi ya huce a mayar masa da shafi uku masu santsi, da gabatarwa da rabe-rabe da kammalawa, har da jerin littattafan da aka ce an duba. Ɗalibai da yawa suna kallon wannan a matsayin sauƙi da Allah ya kawo. Malamai da yawa kuwa suna kallonsa a matsayin sabuwar hanyar satar fasaha wadda ba ta barin sawu. Kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi, kowanne kuma yana da inda ya kauce. Ra'ayin da wannan rubutu yake karewa shi ne: hani ba zai yi aiki ba, sakaci kuma zai kashe darajar digiri. Abin da zai yi aiki tsohuwar ƙa'ida ce da malaman zaure suka daɗe da sani, wato mai ilimi ya faɗi wurin wanda ya karɓa, ya kuma ɗauki nauyin duk abin da ya sa wa hannu.

Abin da na'urar take yi

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a san abin da ake hukunci a kansa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT da Gemini da Claude an gina su ne ta hanyar ciyar da kwamfuta rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, har ta laƙanci yadda kalmomi suke bin juna. In aka yi mata tambaya, takan harhaɗa amsa guntu bayan guntu, tana zaɓar abin da ya fi dacewa ya biyo baya bisa tsarin da ta gani. Wannan ne ya sa harshenta yake da santsi. Shi ne kuma ya sa takan faɗi abin da bai faru ba da irin muryar da take faɗin abin da ya faru, domin jimlar ƙarya da jimlar gaskiya duk ƙira ɗaya gare su.

Wannan aibi ya riga ya jawo wa mutane abin kunya a idon duniya. A watan Yuni na 2023 wata kotun tarayya a birnin New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar mata da takarda mai ɗauke da hukunce-hukuncen shari'a da ba su taɓa wanzuwa ba, waɗanda ChatGPT ta ƙaga musu da sunaye da lambobi. In lauya mai shekaru a bakin aiki ya faɗa wannan rami, ina ga ɗalibin shekara ta uku da ke neman madogara a kan tarihin fataucin goro?

Abu na biyu shi ne, rubutun da aka ciyar da waɗannan manhajoji mafi yawansa na Turanci ne, sai sauran manyan harsunan Turai da Asiya. Rabon Hausa a ciki kaɗan ne, na Moore da Jula da Fulatanci kuwa ya fi haka ƙanƙanta. Duk abin da ba a rubuta ba, ko aka rubuta amma bai hau intanet ba, na'urar ba ta san shi ba. Sai dai rashin sanin ba ya hana ta amsawa.

Hujjar ɗalibai

Ɗaliban da ke kare amfani da na'urar ba duka ne malalata ba, kuma zalunci ne a yi musu kuɗin goro. Hujjarsu ta farko ta harshe ce. Ɗan babban ma'aikaci da ya tashi a gidan da ake Faransanci dare da rana, ya yi makaranta mai tsada, yana shiga jami'a da jarin da ɗan mai sayar da atamfa a kasuwa ba shi da shi. Na biyun yana iya fin na farkon fahimtar darasi, amma ya sha ƙasa saboda kuskuren nahawu da ƙarancin kalmomi. A da, mai hali kan ba wani ɗan'uwa ko malami ya gyara masa rubutu, wani lokaci har da biya, ba wanda ya ce uffan. Yanzu da talaka ya sami mai gyara a cikin wayarsa, sai a ce haramun ne? Wannan tambaya tana da ƙarfi, kuma ba a amsa ta da tsawa.

Hujja ta biyu ta hali ce. Jami'ar Wagadugu, wadda aka kafa a 1974 kuma daga baya aka sa mata sunan masanin tarihi Joseph Ki-Zerbo, ta daɗe tana fama da cunkoson ɗalibai da jinkirin shekarun karatu, inda wata shekara kan shiga cikin wata. Malami guda yana iya samun kansa da kundaye masu yawa da zai duba, ga koyarwa, ga nasa binciken. Ɗalibin da ya jira makonni bai sami ganin mai duba aikinsa ba, ya kuma je laburare bai sami littafin da yake nema ba, zai koma ga wanda ke amsa masa tsakar dare ba tare da gajiya ko faɗa ba. A wurin irin wannan ɗalibi na'urar tana fassara masa maƙalar Turanci, ta sauƙaƙa masa ra'in da ya shige masa duhu, ta nuna masa yadda ake tsara babi.

Hujja ta uku ita ce wadda suka fi faɗa a tsakaninsu: malaman ma suna amfani da ita. Wannan ba zargi ne maras tushe ba, domin malamin jami'a a ƙasashen nan ba ya samun ƙarin girma sai ya wallafa, kuma hukumar CAMES, wadda aka kafa a 1968 kuma hedkwatarta ke nan Wagadugu, ita ce ke tantance ayyukan malamai na ƙasashe mambobinta. Mai neman wallafa maƙala a mujallar waje yana buƙatar taƙaitawa da Turanci mai kyau, kuma ƙofar da ɗalibi yake bi ita ce a buɗe gabansa. In malami zai gyara Turancinsa da na'ura, da wane baki zai hana ɗalibi gyara Faransancinsa?

Hujjar malamai

Malaman da suke ɗari-ɗari da lamarin su ma ba maƙiya ci gaba ba ne. Damuwarsu ta farko ta shafi dalilin da ya sa ake sa ɗalibi rubutu tun asali. Ba don duniya tana ƙarancin maƙaloli ake ba ɗalibi jinga ba. Ana ba shi ne domin wahalar rubutun ita ce take gina tunaninsa. Mutum yakan zaci ya fahimci abu har sai ya zo rubuta shi, sannan ya tarar da giɓi tsakanin jimla ta biyu da ta uku, ya koma littafi, ya sake tunani, ya goge, ya sake rubutawa. A cikin wannan kai-komo ne ilimi yake zama. Wanda ya miƙa wannan wahala ga na'ura ya sami shafukan, amma bai sami abin da aka tura shi nema ba. Kamar mai koyon saƙa ne da ya sayo zane a kasuwa ya kai wa maigidansa: zanen na iya yin kyau, hannunsa dai yana nan yadda yake.

Damuwa ta biyu ta amana ce. Takardar digiri shaida ce da jami'a take bayarwa ga jama'a cewa wane ya iya kaza. Da ita za a ɗauke shi koyarwa a makarantar sakandare, ko aiki a asibiti, ko rubuta rahoton da za a yanke hukunci a kansa. In shaidar ta zama ta zur, waɗanda za su biya kuɗin su ne yaran da zai koyar da marasa lafiyan da zai duba, ba malamin da ya sa hannu ba. Kuma ranar da masu ɗaukar aiki suka daina yarda da takardar, ɗalibin da ya yi gumi da wanda ya kwafa duk farashi ɗaya za a yi musu.

Damuwa ta uku ta adalci ce tsakanin ɗalibai. Wanda ya kwana uku yana fama da babi ɗaya ya fito da rubutu mai tuntuɓe amma nasa, wanda ya yi minti goma ya fito da rubutu mai sheƙi amma na aro. In na biyun ya fi maki, jami'a ta koya wa na farkon darasi mafi muni da za ta iya koya masa.

Manyan cibiyoyin ilimi na duniya sun nuna irin wannan damuwa tun da wuri. A watan Janairu na 2023 makarantar Sciences Po ta birnin Paris ta hana ɗalibanta amfani da ChatGPT a ayyukansu ba tare da bayyanawa ba. A cikin wannan wata ne mujallun kimiyya na Nature da Science suka sanar cewa ba za a karɓi na'ura a matsayin marubuciyar maƙala ba, kuma hujjar da Nature ta kafa ita ce marubuci shi ne mai ɗaukar alhakin abin da ya rubuta, na'ura kuwa ba ta ɗaukar alhaki. A watan Satumba na wannan shekara hukumar UNESCO ta fitar da jagora kan amfani da irin waɗannan manhajoji a ilimi da bincike, inda ta nemi a tsara musu ƙa'ida, a kuma bar ɗan'adam a tsakiyar aikin.

Inda kowa ya kauce

Kuskuren da malamai suka fi saurin faɗawa shi ne neman wata na'ura ta kama musu na'ura. Akwai manhajojin da ake tallata cewa suna gane rubutun ƙirƙirarriyar basira, kuma malamin da aiki ya yi wa yawa zai so ya jingina da su. Amma tarihinsu bai ba da ƙarfin gwiwa ba. Kamfanin OpenAI da kansa ya janye tasa manhajar ganowa a watan Yuli na 2023 saboda ƙarancin dacewarta. A wannan shekarar kuma wasu masu bincike a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai a kan rubutun jarrabawa na mutanen da Turanci ba harshensu na gado ba ne, sai manhajojin suka ɗauki fiye da rabin rubuce-rubucen a matsayin na na'ura, alhali mutane ne suka rubuta su. Dalili shi ne mai rubutu da harshe na biyu yakan yi amfani da kalmomi sanannu da jimloli masu sauƙin hasashe, abin da manhajar take ɗauka alamar na'ura. Gwajin a kan Turanci aka yi shi, amma darasinsa ya shafi duk jami'ar da ɗalibanta suke rubutu da harshen da ba a haife su da shi ba. Ɗan Larle da ya yi haƙuri ya rubuta kundinsa da Faransancin makaranta, mai tsafta maras ado, shi ne irin wanda tarkon zai fara kamawa. A soke shekarun mutum bisa wani kaso da kwamfuta ta nuna, ba tare da an zaunar da shi an tambaye shi ba, zalunci ne ko da da kyakkyawar niyya aka yi shi.

Kuskuren ɗalibai kuwa shi ne haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Gyaran harshe daban, aron tunani daban. Wanda ya tattara bayanansa, ya gina hujjarsa, ya rubuta da kansa, sannan ya nemi a gyara masa jinsin suna da lokutan aikatau na Faransanci, aikinsa nasa ne. Wanda ya ba da take kawai ya karɓi babi, ko da ya sauya kalmomi goma a kowane shafi, bai rubuta kome ba. Hujjar talauci da hujjar harshe suna halatta na farko, ba sa halatta na biyu. Ɗalibin da ya fake da su don ya yi na biyu yana ɓata hujjar da 'yan'uwansa suke buƙata da gaske. Kuma Bahaushe ya riga ya faɗa, zanen aro ba ya rufe katara. Ranar kare kundi, tambaya guda daga ɗaya daga cikin malamai ta isa ta yaye shi.

Darasi daga gida

Ba sai an je Paris ko New York neman ma'auni ba, domin unguwar Larle kanta tana da misali. Larle Naba yana cikin manyan 'yan majalisar Mogho Naba, sarkin Mosawa na Wagadugu. Larle Naba Abga, wato Yamba Tiendrebeogo, wanda ya rayu daga 1907 zuwa 1982, ya shahara da riƙon tarihin sarautar Mosawa da tatsuniyoyinsu, waɗanda ya riƙa gabatarwa a rediyo. Da aka zo mayar da iliminsa littafi a farkon shekarun 1960, ciki har da littafinsa na 1964 kan tarihi da al'adun sarautar Mosawan Wagadugu, wani Bafaranshe mai suna Robert Pageard ne ya taimaka wajen tsara rubutun da yi masa ta'aliƙi, kuma an rubuta sunansa da irin aikin da ya yi a jikin littafin. Ilimin na Larle Naba ne, taimakon alƙalami na wani ne, ba a kuma ɓoye ko ɗaya ba. Wannan bai rage wa littafin daraja ba. Shi ne ma ya ba masu bincike na baya damar sanin abin da za su jingina ga wa.

A ɓangaren Hausa ƙa'idar ta fi haka daɗewa. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafin Ida'un Nusukh, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu, ciki har da yayansa Shehu Usmanu da Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. A tsarin makarantun ilimi, ijaza ba takarda ba ce kawai, silsila ce ta mutanen da kowannensu ya zauna gaban na gaba da shi, ya biya, aka gyara masa, aka shaida ya iya. Darajar malami tana cikin iya amsa tambayar nan: a wurin wa ka karɓa?

Wannan al'ada kuma ba ta ƙyamar kayan taimako. Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Salaga, mashahuriyar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja, ya kuma rasu a Kete-Karachi a 1934, ya rubuta littafi da Larabci a kan ilimin wasiƙa, mai ɗauke da samfurori da marubuta za su riƙa bi. Magatakardan da ya ɗauki buɗewa da rufewa daga irin wannan littafi ba a kiransa ɓarawo, domin kowa ya san ƙira ce ta gama-gari. Amma saƙon da ke tsakiyar wasiƙar, da hatimin da ke ƙarshenta, na mai aikowa ne, shi za a tuhuma in ƙarya ce. Fataken da suka riƙa ratsa ƙasar Mosawa tsakanin ƙasar Hausa da Gwanja, waɗanda daga cikinsu ne zangunan wannan yanki suka tsiro, da irin waɗannan wasiƙu suke ƙulla amana. Sun san bambanci tsakanin aron ƙira da aron magana.

Shi kansa Joseph Ki-Zerbo, wanda ya rasu a 2006, ya ƙare rayuwarsa yana jan hankali kan haɗarin dogaro da tunanin wasu. Shi ne ya jagoranci juzu'i na farko na Tarihin Afirka na UNESCO, wanda ya tsaya kan hanyoyin bincike, ciki har da yadda ake tantance tarihin baka. A 1992 ya shirya littafi mai suna La natte des autres, wato tabarmar wasu. Abin takaici ne a ce jami'ar da ke ɗauke da sunansa ta yaye ɗaliban da ba su taɓa kwana a kan tabarmar tunaninsu ba.

Ɗalibin Hausa musamman

Ga mai nazarin Hausa lamarin ya fi tsanani, saboda a fagensa ne na'urar ta fi rauni. Gaskiya ne an sami ci gaba. Google Translate ya shigar da Hausa tun 2013, ya ƙara Jula a 2024, kuma ƙungiyoyin masu bincike na Afirka irin su Masakhane da HausaNLP suna ta ƙoƙarin tara bayanai na harsunan gida. A Wagadugu ma akwai cibiyar CITADEL ta Jami'ar Intanet ta Burkina Faso da ke bincike a kan ƙirƙirarriyar basira. Amma Hausar da ke yawo a intanet, wadda ita ce abincin na'urar, yawancinta ba ta bin ƙa'idojin rubutu. Ba a sa wa baƙaƙe lanƙwasa, ba a raba kalmomi daidai. A irin wannan rubutu baki da baƙi ɗaya suke, kafa da ƙafa ɗaya suke, "ya ɓata" da "ya ba ta" kan koma kalma guda. Ga shi kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsayin wasali, don haka kuka na hawaye da kuka ta miya, ko gari na mutane da gari na tuwo, sai mai kunnen harshen ne yake rarrabe su kai tsaye. Ɗalibin da ya nemi na'ura ta sa masa karin sauti a jerin kalmomi, ko ta rarraba masa aikatau bisa rukunai bakwai da F. W. Parsons ya tsara a 1960, dole ya bi amsar ɗaya bayan ɗaya da ƙamus a hannu, ko na Bargery na 1934 ko na Jami'ar Bayero na 2006. Haka nan in ya nemi karin magana, tana iya ƙera masa jimla mai kama da karin magana wadda ba Bahaushen da ya taɓa faɗin ta. In ya sa ta a kundi, wani ya kwafa daga kundin, ƙarya ta sami madogara ke nan.

Akwai kuma abin da ya fi wannan muhimmanci. Hausar zango, wadda ta yi zaman shekaru da Moore da Jula da Faransanci, tana da kalmominta da lafazinta da tarihin bakinta, kuma kaɗan ne daga ciki aka rubuta. Tsohuwar unguwar Zangwetin da ke tsakiyar Wagadugu, wadda aka sani da mazauna Hausawa, an rushe ta a 2003 ƙarƙashin shirin ZACA na sabunta tsakiyar birni, mutanenta suka watsu zuwa wasu unguwanni. Dattawan da suka san wane gida ne na wa, wane malami ya koyar a wane zaure, wace zuriya ta zo daga Kano ko Katsina ko Gobir, suna raguwa kowace shekara. Babu manhajar da ta san abin da ke ƙirjinsu. In aka ba ta Hausar zango ta gyara, sai ta goge ta zuwa daidaitacciyar Hausa, wato ta shafe ainihin abin da mai nazarin karin harshe ya fita nema. Ɗalibin da yake da kaka a Larle yana riƙe da madogarar da babu ita a kowace rumbun bayanai na duniya. In ya bar ta ya koma tambayar waya, ya yi asarar da ba ta da mayarwa. Ga kuma sauyin da aka yi wa tsarin mulkin Burkina Faso a ƙarshen Disamba na 2023, wanda ya ɗaga harsunan ƙasa zuwa matsayin harsunan hukuma, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Irin wannan sauyi ba zai wuce takarda ba sai an sami masu rubuta ilimi da harsunan gida da hannunsu.

Mafita

Abin da ya kamata jami'o'i su yi ba mai tsada ba ne. Na farko, kowane sashe ya rubuta ƙa'ida bayyananniya ya ba ɗalibai tun farkon shekara: ga abin da aka yarda, kamar gyaran nahawu da fassarar maƙala don fahimta da neman hanyar farawa, ga kuma abin da aka hana, kamar ƙirƙiro babi ko bayanan fili ko madogara. Hukunta mutum a kan dokar da ba a faɗa masa ba ba tarbiyya ba ce. Na biyu, kowane kundi ya ɗauki ɗan bayani a farkonsa inda ɗalibi zai faɗi manhajar da ya yi amfani da ita da aikin da ta yi masa, kamar yadda yake gode wa wanda ya buga masa rubutu. Malamai kuma su fara yin haka a maƙalunsu, domin ɗalibi ya fi koyo daga abin da ya gani. Na uku, a mayar da nauyin maki kan abin da na'ura ba ta iya yi wa mutum: zubin farko da na biyu na rubutu, littafin bayanan fili, muryoyin da aka naɗa, da zama na minti goma inda ɗalibi zai yi bayanin shafin da malami ya zaɓa. A ajin da ya cika maƙil wannan yana da wuya, amma ko zaɓen wasu ɗalibai aka riƙa yi ba tare da sanarwa ba, kowa zai shiga taitayinsa. Na huɗu, kada a hukunta kowa bisa manhajar ganowa kaɗai. Ta zama dalilin kira da tambaya, kada ta zama alƙali.

Shi kuwa ɗalibi, gwaji uku sun ishe shi kafin ya miƙa aiki. Duk littafin da ya ambata, ya taɓa riƙe shi ko ya buɗe shi da idonsa? Duk misalin Hausa da ya kawo, ya ji shi daga baki ko ya gan shi a rubutun da ya san asalinsa? In aka rufe kundin aka ce ya yi bayanin kowane sakin layi da Hausa ga mahaifiyarsa, zai iya? Wanda ya amsa e sau uku ba shi da abin tsoro, ko ya yi amfani da na'ura ko bai yi ba. Wanda ya kasa kuwa gara ya koma ya sake zama tun da sauran lokaci, domin ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ranar kare kundi malamai uku ko huɗu ne za su zauna a gabansa, wayar tana cikin jaka, sunansa ne kaɗai a bangon littafin.